Sharhi: Gwajin HPV da sankarar baki a ƙauyukan Hausawan Jazira, kada a bar jaki ana dukan taiki

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe birnin Wad Madani daga hannun dakarun RSF a ranar 11 ga Janairun 2025, ɗaya daga cikin manyan ayyukan da ke gaban hukumomin lafiya shi ne farfaɗo da Cibiyar Cutar Daji ta Ƙasa da ke ƙarƙashin Jami'ar Jazira. Kafin yaƙi, nan ne mutanen jihohin Jazira da Sennar da Blue Nile ke kai marasa lafiyarsu idan kansa ta kama su, ciki har da Hausawan Mai Wurno da na Damazin da na unguwannin leburorin gona da ake kira kanabi.

Duk asibitin da za a tayar daga kwance, dole a zaɓi abin da za a fara saye da ɗan kuɗin da ke hannu. A fannin sankarar baki da maƙogwaro, gwajin da ya fi tashe a duniya yau shi ne na gano ƙwayar cutar HPV, wadda masu Faransanci suka fi sani da papillomavirus. Gwajin yana da amfani, amma amfaninsa yana da iyaka. A ƙauyukan da ke gaɓar kogin Nilu, abin da ya fi cin bakin mutane yana cikin aljihun jallabiyarsu ne, wato garin tabar da ake kira tumbak.

Baki daban, maƙogwaro daban

HPV dangin ƙwayoyin cuta ne da suka haura nau'i 200. Akasarinsu ba su wuce su fito da ɗan tsiro a fata ba, wasu ma ba sa nuna alamar komai. Goma sha wani abu ne daga cikinsu ke iya haddasa kansa, kuma nau'i na 16 shi ne uban tafiyar. Masanin Jamus Harald zur Hausen ya samu lambar yabo ta Nobel a 2008 saboda gano cewa wannan ƙwaya ce ke kawo sankarar bakin mahaifa. A 2007 kuma hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, da ke birnin Lyon na Faransa, ta tabbatar da cewa nau'i na 16 na haddasa kansa a baki da maƙogwaro.

A nan ne ake yawan samun ruɗani. Abin da mutane ke kira ciwon baki, likitoci sun raba shi gida biyu. Gida na farko shi ne cikin baki: leɓe, dasashi, kunci, gaban harshe, ƙarƙashin harshe da ganɗa. Gida na biyu shi ne mashigar maƙogwaro: gindin harshe, bayan ganɗa inda beli yake, da tsokoki biyun nan na gefe da gefe da likitoci ke kira tonsil. Alƙaluman 2022 sun nuna an samu sababbin masu kansar leɓe da cikin baki kusan 390,000 a duniya, sannan kusan 188,000 suka rasu. Masu ta mashigar maƙogwaro kuwa sun ɗan haura 100,000.

HPV ta fi ƙarfi a gida na biyu. A Amurka, kimanin kashi 70 cikin 100 na kansar mashigar maƙogwaro ita ke kawo ta. Amma wani babban bincike da masana daga birnin Barcelona suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2016, ya duba tsokar marasa lafiya 3,680 daga ƙasashe 29, ya kuma gano cewa HPV ce sanadin kimanin kashi 22 cikin 100 na kansar mashigar maƙogwaro, yayin da a cikin baki ba ta wuce kashi 4 da ɗoriya ba. Wato a cikin mutum 100 da kansa ta kama a leɓe ko dasashi ko kunci, fiye da 90 wani abin ne ya jawo musu.

Yadda ake gwajin, da abin da yake faɗa

Da yawa suna zaton gwajin HPV na baki kamar na maleriya ne, a soki yatsa a ba mutum amsa. Ba haka ba ne. Har yanzu babu wani gwaji da hukumomin lafiya suka amince a riƙa yi wa masu lafiya don neman HPV a bakinsu. Dalili kuwa, mutane da dama na ɗauke da ƙwayar na ɗan lokaci, jiki ya kore ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Wani bincike na Amurka da ya fito a 2012 ya same ta a bakin kusan kashi 7 cikin 100 na jama'a, kuma ƙalilan ne daga cikinsu za su taɓa kamuwa da kansa.

Gwajin da likitocin kansa ke magana a kai, ana yin sa ne bayan an riga an yanki ɗan tsoka daga ciwon, an duba ta a ɗakin gwaje-gwaje an tabbatar kansa ce. Sannan ne ake tambaya ko HPV ce ta kawo ta. Hanyoyin amsa tambayar uku ne.

Ta farko ita ce gwajin p16. Idan HPV ta kama ƙwayar halittar jiki, tana fitar da sinadarai biyu, E6 da E7, waɗanda ke kashe masu gadin da ke hana ƙwayar hayayyafa ba ƙa'ida. Sai jiki ya yi ta ƙera wani sinadari mai suna p16 don ya ja linzami, amma ina. Likita kan zuba wani rini a kan tsokar, idan aƙalla kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin ciwon suka rine, sai a ce gwajin ya nuna. Wannan hanya ta fi araha, amma sawun ɓarawo take nunawa, ba ɓarawon ba. A cikin baki, sau da yawa p16 kan hau alhali babu HPV a wurin.

Ta biyu ita ce PCR, wadda ke neman ƙwayar halittar DNA ta HPV. Tana da kaifi ƙwarai, kuma kaifin nan shi ne aibinta. Ko ɗan ɓurɓushi ta samu za ta nuna, ko da ƙwayar baƙuwa ce da ta yada zango a bakin ba tare da ta taɓa komai ba, ko ma ta shiga samfurin ne a ɗakin gwajin.

Ta uku ita ce neman saƙon RNA na E6 da E7, wanda ke tabbatar da cewa ƙwayar tana bakin aiki a cikin ciwon. Ita masana suka fi yarda da ita, ita ce kuma mafi tsada da wahalar samu.

Saboda haka ne ƙungiyar likitocin binciken tsoka ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2018 cewa a gwada duk sabon mai kansar mashigar maƙogwaro da p16, amma kada a mayar da gwajin al'ada ga kansar cikin baki. Wannan bambanci na hanyoyi ya kuma bayyana dalilin da ya sa binciken da aka gudanar kan tsokar marasa lafiyar Sudan tun daga shekarun 1990 bai zo da amsa ɗaya ba. Samun ƙwayar a cikin ciwo ba ya nufin ita ta haƙa shi.

To me ya sa aka damu da gwajin? Saboda mai kansar maƙogwaro ta HPV ya fi samun sauƙi idan aka yi masa gashi da magani. Wani nazari da aka wallafa a 2010 ya nuna kashi 82 cikin 100 na irin waɗannan marasa lafiya suna raye bayan shekara 3, yayin da a cikin waɗanda tasu ba ta HPV ba ce kashi 57 ne. Tun daga 2018 likitoci ke auna matakin ciwon biyu da ma'auni daban-daban. Sai dai gwaje-gwaje biyu da aka yi a Amurka da Turai, waɗanda sakamakonsu ya fito tsakanin 2018 da 2019, sun nuna cewa da aka sauya wa masu HPV maganin cisplatin da wani da ake zaton ya fi sauƙi, mace-mace ƙaruwa suka yi. Ke nan gwajin yana taimaka wa likita ya gaya wa iyali abin da za su sa rai, amma a yawancin lokuta magani bai canza ba.

Tumbak: taba da kanwa

Abin da ya sa labarin Sudan ya sha bamban da na Turai shi ne tumbak. Ganyen wata taba ce mai ƙarfi da aka fi nomawa a Darfur. Ana shanya shi, a bar shi ya ruɓa, a niƙa, sannan a kwaɓa da ruwan kanwa, wadda 'yan Sudan ke kira atrun. Mai sha kan dunƙula ɗan curi da ake kira saffa ya cusa tsakanin leɓen ƙasa da dasashi, ya bar shi a nan na tsawon lokaci, ya tofar ya sake wani, sau da yawa a yini. Kanwar ce ke sa nikotin ya ratsa fatar baki da sauri, shi ya sa barin tumbak ke da wuya.

A 1991 masanin Sudan Ali Idris da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa sinadaran nitrosamin masu haddasa kansa da ke cikin tumbak sun ninka na garin tabar Suwidin da Amurka kusan sau 100. Wani ƙidaya da aka yi a jihar Nilu ta arewacin ƙasar a shekarun 1990 ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na maza manya na amfani da shi. Likitocin Asibitin Koyarwa na Haƙori da ke Khartoum sun daɗe suna lura da cewa ciwon kan fito daidai inda mutum ya saba ajiye saffarsa. Wurin kan fara yin fari da kauri da tamoji, daga baya ya zama gyambon da ba ya warkewa.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ko Agadas ba baƙo ba ne ga wannan haɗi. Garin taba da kanwa da ake ƙunsawa a baki a Nijar da arewacin Najeriya ɗan'uwan tumbak ne, kuma IARC ta sanya duk tabar da ba a kunna mata wuta a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansa. Sigari da giya su ma suna ƙara haɗarin, kuma idan suka haɗu a jikin mutum ɗaya, ɓarnar ninkawa take yi.

Haɗarin da ke cikin yayata zancen HPV ba tare da bayani ba shi ne mai saffa ya ji an ce ƙwayar cuta ce ke kawo sankarar baki, ya ce ashe tabarsa ba ta da laifi.

Nisan hanya

Hausawan wannan yanki ba jiya suka zo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira zuwa gabas, suka zauna a gaɓar kogin kudu da Sennar, garin da har yau ke ɗauke da sunansa. Da aka kammala madatsar ruwan Sennar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai mahajjata da masu neman aiki daga ƙasar Hausa da Borno suka zama ƙashin bayan aikin. Da yawa daga jikokinsu suna zaune a kanabi, inda ruwan sha mai tsabta da wutar lantarki da ɗakin shan magani ke da ƙaranci tun kafin yaƙi.

A watannin Yuli da Oktoban 2022, rikicin da ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Blue Nile, a yankunan Rusairis da Wad al-Mahi, ya ci rayukan ɗaruruwan mutane ya kuma raba dubun dubata da gidajensu. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga babban yaƙi a ranar 15 ga Afrilun 2023. Cibiyar gashin kansa ta Khartoum, wadda ta fara aiki tun 1967, ta daina karɓar marasa lafiya, aka koma Wad Madani. A Disamban shekarar RSF ta shiga Wad Madani, nan ma aiki ya durƙushe. A ƙarshen Yunin 2024 Singa, babban birnin jihar Sennar, ya faɗa hannunta har zuwa Nuwamba. A wannan tsakanin, mai buƙatar gashi sai ya nufi Merowe, ɗaruruwan kilomita arewa da Khartoum, ko ya tsallaka Masar idan yana da hali.

Rahotannin likitocin Sudan sun sha nuna cewa ko a lokacin zaman lafiya, akasarin masu sankarar baki ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa. Manomi kan fara da maganin gargajiya, ya koma kemis, ya je a cire masa haƙori, watanni su shuɗe. Bambancin da jinkiri ke kawowa babba ne. A Amurka, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gano tasu tun ba ta bazu ba suna kai shekara 5 a raye, amma idan ta riga ta kai sassan jiki masu nisa, ba su kai rabi ba. Ga leburan kambo da ke da gyambo a leɓe tun wata shida, tambayar ko akwai HPV a ciwon ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce wa zai yanki tsokar, wa zai duba ta, kuma da wane kuɗi zai kai kansa can.

Kunya ma tana kisa

Akwai wani ɓangaren da ya shafi zamantakewa. HPV tana yaɗuwa ne ta hanyar kusantar juna tsakanin namiji da mace, kuma ta haka take kaiwa ga maƙogwaro. A al'ummar da ke da kunya da kishin mutunci, wannan kaɗai ya isa ya sa magidanci ya ɓoye ciwonsa, ko a fara zargi tsakanin miji da mata, ko tsakanin kishiyoyi.

Abubuwa uku ya kamata duk wanda zai isar da sakamakon gwajin ya bayyana. Na ɗaya, mafi yawan mutanen da suka taɓa yin aure ko mu'amala suna haɗuwa da HPV a wani lokaci a rayuwarsu ba tare da sun sani ba. Na biyu, tsakanin shigar ƙwayar da bayyanar kansa akan ɗauki shekaru masu yawa, wani lokaci goma-goma, don haka babu likitan da zai iya cewa ga ranar da aka ɗauka ko ga wanda ya kawo. Gwajin ba shaida ba ne a kan kowa. Na uku, kansar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Babu dalilin ware wa mara lafiya kwano ko moɗa, ko hana shi zama cikin iyalinsa.

A gidajen Mai Wurno da kanabi da yawa Hausa ake yi, musamman tsakanin dattawa da mata, asibiti kuwa da Larabci yake magana. Irin wannan bayani mai nauyi ya fi shiga idan aka yi shi da harshen da mutum ke tunani da shi. Limamai da malaman zaure da ungozomomi na da rawar da za su taka.

Abin da ya kamata a fara da shi

Jihar Kerala ta Indiya ta nuna hanyar da ba ta buƙatar na'ura. An horar da ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida suna duba bakin mutane da haske, a wani gwaji da ya shafi mutum sama da 190,000. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna mace-macen sankarar baki sun ragu da kashi 34 cikin 100 a tsakanin masu amfani da taba ko giya. Tocila, safar hannu da ido mai horo su ne kayan aikin. Ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye a Jazira zai iya koyon wannan cikin ɗan lokaci.

Alamomin da ake nema sanannu ne: gyambo a baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, tabo fari ko ja da ba ya gogewa, haƙorin da ke girgiɗa ba dalili, wahalar haɗiya, dushewar murya da ta daɗe, da kaluluwa a wuya wadda ba ta zafi kuma ba ta sacewa. Wannan ta ƙarshe ita ce alamar da kansar maƙogwaro ta HPV ta fi fara nunawa, sau da yawa a jikin wanda bai taɓa shan taba ba.

Bayan duba baki, sai hanyar aika tsoka. Ƙananan asibitocin Sennar da Singa da Damazin na buƙatar wanda ya iya yanka, da ruwan adana samfurin, da motar da za ta kai shi ɗakin gwaji ta dawo da amsa cikin makonni, ba watanni ba. Idan wannan ya tsaya da ƙafarsa, ƙara rinin p16 ga masu ciwon maƙogwaro abu ne mai yiwuwa, kuma zai ba Sudan alƙaluman kanta. PCR da gwajin RNA kuwa sun fi dacewa da cibiya ɗaya da za ta riƙa tabbatar da sakamakon.

Sai allurar rigakafi, wadda ita ce ainihin kariya daga kamuwa da HPV. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta wadatar ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, a 2020 kuma Amurka ta amince da allurar Gardasil 9 don kariya daga kansar maƙogwaro. Najeriya ta fara yi wa 'yan matanta a Oktoban 2023, jihohin Kano da Jigawa na cikin rukunin farko. Babbar ribar allurar a Afirka ita ce kare mata daga sankarar bakin mahaifa, kariyar maƙogwaro kuma ƙari ce. Yaƙi bai hana Sudan fara rigakafin maleriya a jihohin Gadarif da Blue Nile a Nuwamban 2024 ba, abin da ke nuna cewa hanyar kai allura ƙauyukan nan tana nan.

Amma allura ba za ta kare leɓen mai saffa ba. Muddin tumbak na nan a kowace kasuwa da araha, ana sayar wa yaro da babba, ɗakin gwajin da za a gina a Wad Madani zai ci gaba da karɓar tsokar mutanen da HPV ba ta taɓa ba.